Kujerar da Na Ƙera wa Baba

Mahaifina mafarauci ne, amma ba irin masu bin sawu da karnuka ba. Shi ɗan dako ne. A ƙauyenmu, kudu da Maraɗi, inda gonaki ke ƙarewa daji ya fara, akwai wani tafki da ba ya ƙafewa sai can ƙarshen rani. Nan yake zuwa. Ya hau bishiya, ya gitta sanduna biyu ko uku a tsakanin rassa, ya ɗaure su da igiyar kaba, ya zauna a kai da 'yar harbi-rugarsa tun hantsi har la'asar, yana jiran gada ko barewa ko garken zabin daji su sauko shan ruwa. In ya dawo gida sai ya kwanta rub da ciki, Inna ta dinga gasa masa baya da tsumma da ruwan zafi. Cinyoyinsa duk shatin sanda ne, har ya zame masa kamar tabon haihuwa.

Ni ban gaje shi ba. Ƙira na koya, daga baya na koma walda a cikin Maraɗi. Bayan babban farin nan na shekarun tamanin na zo Umara, na maƙale a Jidda kamar yadda dubbai irina suka maƙale. Na sami aiki a wata warsha, wato shagon walda, a unguwar Kurayyat, muna yin ƙofofi da ƙarafan taga da kan tankin ruwa. Ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama, saboda haka in na fita ƙasar ba dawowa. Tsakanina da gida sai kaset: in ɗauki maganata in ba mai tafiya, su ma su ɗauko tasu su aiko.

Mai kai mini saƙo mafi yawa shi ne aminina. Ƙauyukanmu na kallon juna, rana ɗaya aka yi mana kaciya, tabarma ɗaya muka yi jinya a kai. Ya riga ni zuwa da shekaru, yana da takardunsa, yana tuƙa wani attajiri a Aziziyya. Shi ya tarbe ni ranar da na iso, a ɗakinsa na kwana wata huɗu kafin in sami nawa. Yana kirana Maƙeri, ina kiransa Direba, har mutane suka manta da sunayenmu na yanka. Duk shekara biyu kafilinsa, wato attajirin nan da ya tsaya masa a takarda, kan ba shi hutu ya je gida.

A wani kaset Baba ya yi mini ƙorafi, shi da ba ya ƙorafi. Ya ce gwiwa ta fara ƙi masa. Ya ce masu itacen sayarwa sun sare duk bishiyoyin bakin tafki masu rassa ƙasa-ƙasa, saura wata tsohuwar kanya da giginyu. "Giginya kuwa," in ji shi, yana dariya, "sai dai in tsaya a gindinta mu gaisa." Na maimaita wurin nan ya fi sau goma. Dariyar ba ta kai ciki ba.

Wata Juma'a bayan la'asar muna yawo ni da Direba a haraj, kasuwar 'yan gwanjo, sai na tsaya a rumfar wani Bayamane da ya sayi kwantenar tarkace daga Amurka. Cikin kekuna da fitilu da tukwanen gashi akwai wasu ƙarafa uku da ya jingine a gefe. Ya ce shi ma bai san ko na mene ne ba, yana zaton na asibiti ne. Na juya ɗaya sai na ga hoto manne a jikinta: mutum zaune can sama a jikin miƙaƙƙiyar bishiya marar reshe ko ɗaya, bindiga a cinyarsa. Na daɗe a tsugune ina kallo.

"Direba," na ce, "zo ka ga giginya."

Kujerun hawa bishiya ne na mafarauta. Yadda abin yake, kashi biyu ne: na sama wanda ake zama a kai, da na ƙasa wanda ake zura ƙafafu a cikin maɗaurinsa. Kowanne yana zagaye bishiyar ta baya da sarƙa ko waya, ta gaba kuma yana da haƙora. In ka ɗora nauyinka sai ya cije. Ka ɗaga na sama ka zauna, ka janyo na ƙasa da ƙafafunka ka taka, ka sake ɗaga na sama. Haka za ka yi ta tafiya kamar tsutsa har inda kake so, ba ka buƙatar reshe, ba ka buƙatar gwiwa mai ƙarfi.

Ƙofar rumfar Bayamanen ta ɓalle daga maƙalinta. Na ce zan gyara masa, shi kuma ya bar ni in dinga ɗaukar kujerun ina gwadawa. Ya ce halas, ai ba mai tambayarsu. Wurin gwaji kuma Direba ya samar. Kafilinsa yana da istiraha a bayan gari, wato ɗan lambun hutawa mai katanga, da dabinai dogaye da aka share jikinsu, mabuɗin kuma yana hannunsa. Juma'a biyar muka yi muna zuwa da sassafe kafin rana ta yi zafi.

Ta farko ƙarfe ce zalla da daɓen katako, ita ce mafi araha. Ba ta da kashin sama. Sai ka rungume bishiyar da hannu ka janyo ƙafafunka, in ka isa sannan ka buɗe wani ɗan kushin kamar tafin hannu ka ɗosana. Kafin in kai tsayin mutum biyu ƙirjina ya sale, rigata ta yage. Ga ƙara, duk motsi ƙarfe na bugun ƙarfe. Sau ɗaya ma ta sulluɓe da ni kamu guda. Direba yana ƙasa yana ta dariya, ya ce wannan ai ba dabba za ta kashe ba, mai ita za ta kashe. Na cire ta daga lissafi tun ranar farko.

Ta biyu ta alminiyam ce, ba nauyi, da yatsa biyu kake ɗaga ta. Wayar da ke zagaye bishiyar an lulluɓe ta da roba, hawa da ita ba wuya, ba ƙara. Na so ta ƙwarai. Amma da na zauna a sama na ce wa Direba ya duba agogo, kafin awa guda ƙafafuna sun mutu, saboda mazauninta ɗan siririn raga ne mai yanka cinya. Baba kuwa wuni yake yi. Kuma in ka gyara zama sai ta yi wani ɗan kuka, ƙiii, wanda mutum ba zai damu da shi ba amma gada za ta ji daga nesa. Sannan na yi tunanin ranar da za ta tsage. Wa zai liƙe alminiyam a ƙauyenmu?

Ta uku ita ce sarauniya. Katifa a mazauni, katifa a baya, wurin ɗora hannu dama da hagu, da sandar ƙarfe da ta gitta ta gaba don ɗora bindiga. Direba ya hau da ita, na juya ina auna ta biyun, da na ɗaga kai sai na ga bakinsa a buɗe yana minshari. Na jefe shi da ƙwallon dabino. Daɗin zama kam ba a magana. Sai dai nauyinta ya kai rabin buhun gero, tsoho ba zai goya ta daga gida zuwa tafki ba. Soson cikinta yana tara zufa. Sandar gaban nan kuma an yi ta ne don bindigar Turawa. Harbi-ruga ta baki ake ɗura mata, sai ka tsayar da ita tsakanin gwiwoyinka, sandar kuwa ta tare wurin. Kuɗinta ma ya kusa albashina na wata.

A ƙarshe ban sayi ko ɗaya ba. Na auna su duka, na zana a bayan kwalin sigari, na mayar wa Bayamane kayansa. Na ce zan ƙera tawa.

Wata uku na yi a kanta, bayan an tashi aiki da la'asar, da izinin mu'allim mai warsha. Na yi jikin da bututu marar kauri don kada ta yi nauyi. Na zura sarƙar babur a cikin tiyo ta zama abin zagaye bishiya. Haƙoran na yanko su daga ƙarfen sifirin na mota, na wasa su da hannuna. Duk inda ƙarfe ke haɗuwa da ƙarfe na sa robar tayar keke. Mazaunin na saƙa shi da igiya irin saƙar gadon ƙauye, mai faɗi, iska na shiga, in ya tsinke Baba zai sake saƙawa da kansa. Gaban na bar shi a buɗe. Baba bahago ne, don haka na liƙa ƙugiyar rataye bindiga a hagu. Na ɗaure kashi biyun da igiya don kada na ƙasa ya kuɓuce ya bar mutum a sama. Ba ta kai ta uku kyau ba, ba ta kai ta biyu rashin nauyi ba, amma na wuni a kanta daga hantsi har azahar na sauko ina tafiya daidai.

Ranar gwajin ƙarshe kafilin Direba ya shigo istiraha ba zato. Gabana ya faɗi saboda rashin takardu, amma Direba ya ce masa ni ɗan uwansa ne. Mutumin yana son harbin kurciya a lokacin da take wucewa. Ya tsaya yana kallona ina hawa ina sauka, ya tattare jallabiyarsa ya gwada da kansa, ya sauko yana ta mashallah. Ya tambayi kuɗinta. Na ce wa Direba ya gaya masa ba ta sayarwa ba ce, ta mahaifina ce. Ya dafa kafaɗata ya ce Allah ya yi mini albarka, ya shiga motarsa.

Da hutun Direba ya zo na naɗe ta a bargo na sa a kwali. Na cika kaset guda da bayani: yadda ake ɗaura sarƙa, yadda ake gwada cizon haƙora tun a ƙasa, kada a wuce kumburin cikin giginya. Direba ya sa kwalin a bayan motar gidansu ya ce shi zai kai wurin awon kaya da kansa.

"Hannu da hannu, Direba."

"Haba Maƙeri. Baba ai ubana ne."

Bayan wata biyu ya dawo da kilishi da kaset. Muryar Baba ta fito tar: "Kujera ta iso. Ban taɓa zama a kan abu mai daɗinta ba, bayana ya huta. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka." Na tambayi Direba ko ya ga ya hau da ita. Ya ce da idonsa. Ya ce mutanen ƙauye sun taru a gindin giginya suna kallo, tsohon yana sama yana ɗaga musu hannu. Ya kwaikwayi yadda yake ɗaga hannun. Ranar na sayi kaza muka ci.

Rani na zagayowa wani ɗan garinmu ya kawo mini kaset daga yayata. Na sa shi a rediyon warsha lokacin hutun azahar, ina cin burodin tamis da wake. Ta yi sallama, sannan ta ce Baba ya faɗo daga kan bishiya a wurin dako. Masu kiwo suka tsince shi. Ƙugu ya karye, mai ɗori ya yi iya yinsa, ya yi kwana talatin da wani abu a kwance, Allah ya karɓi abinsa.

Ban ji sauran ba. Abin da ya zo mini kawai shi ne wata gaɓa a kashin ƙasa, ta dama, wadda na liƙe ranar da wutar lantarki ke ta rawa. Na duba ta a lokacin na ce ta yi. Yanzu sai na dinga ganinta a idona, da ɗan ramin da ke gefenta kamar ƙwayar gero.

Direba ya zo mini gaisuwa da yamma. Na ja shi bayan warsha, inda muke tara guntayen ƙarfe.

"Kujerata ce," na ce. "Ni na kashe shi."

Ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa. Na ɗauka alhini ne.

"Ƙaddara ce, Maƙeri. Kwanansa ne ya ƙare."

"Zan tambayi Yaya ko ina ne ya karye."

Ya kama hannuna da sauri. "Kada ka yi. Ba ka ji ba ta ambaci kujerar ba? Sun rufa maka asiri ne. In ka tambaya ka tayar wa Inna da ciwo. Bar shi tsakaninka da Allah."

Na ga maganarsa da hankali. Na yi masa godiya.

Shekara takwas na yi da wannan abu a ƙirjina. Na daina karɓar duk aikin da mutum zai ɗora nauyinsa a kai. Tsani, matakala, lilon yara, ƙarfen baranda, sai in tura wa wani. Mu'allim ya yi faɗa har ya gaji. In zan ɗauki kaset zuwa gida sai in gaida Inna a gurguje in koma kan labarin zafi da tsadar kaya. Duk kalmar da ta faɗa sai in juya ta ina neman zargi a ciki. Da ta ce "Allah ya tsare hannunka," kwana uku ban ci abincin kirki ba. A cikin shekarun nan na sami kafili na yi iƙama, hanya ta buɗe, amma ban je gida ba. Ina jin ba zan iya shiga gidan nan in ga kujerar a jingine a bayan rumbu ba. Na yi aure a nan Jidda, Direba ne ya karɓa mini auren. Ko matata ban gaya wa ba. Shi kaɗai ya sani, kuma saboda haka na ƙara riƙe shi. In abin ya taso mini shi nake nema, mu zauna a kasuwar Bab Makka mu sha shayi, ya yi ta ba ni haƙuri.

Wata shekara yana gida hutu, sai babban ɗan kafilinsa ya zo warsha yana neman ɗan uwan direbansu mai walda. Ƙofar istiraha ce ta lotsa, mota ta buge ta. Ya ɗauke ni da injina da safe. Tun ranar gwajin nan ban sake taka wurin ba. Na gama ƙofar wajen ƙarfe goma, na zaga baya neman famfo in wanke hannu.

Tana jikin dabino na uku daga katanga, a ƙasa-ƙasa, an ɗora mata buhun taki.

Na sauke buhun. An canza igiyar mazaunin da ta leda, fenti ya kaɗe, amma ga sarƙar babur a cikin tiyo, ga ƙugiya a hagu. Na durƙusa na nemi gaɓar nan ta dama. Na kankare tsatsar da farcena. Ga ɗan ramin kamar ƙwayar gero, ga liƙin lafiya lau, ko tsagewar gashi babu.

Mai kula da lambun wani dattijo ne Basudane. Na tambaye shi tun yaushe abin nan yake nan. Ya ce ya fi shekara takwas, direba ne ya kawo wa maigida kyauta ranar da zai tafi hutu. Maigida ya yi harbi da ita kaka biyu ya gaji, yanzu shi yake hawa da ita yana yi wa dabino barbara. Ya ce abu ne mai albarka, bai taɓa ba shi matsala ba. Ya tambaye ni ko lafiya, don ya ga na zauna a ƙasa.

Daga nan ban koma warsha ba. Na sa aka sauke ni a Bab Makka na shiga shagon waya. Lokacin mijin yayata ya yi wayar hannu. Na kira shi na ce ya ba ni Yaya.

"Yaya, kujerar da na aiko wa Baba."

"Tana nan. Inna ke zama a kai a ƙofar ɗaki. An sake mata yadi sau biyu."

"Wace iri ce?"

"Kai da ka aiko kake tambaya? Mai naɗewa mana, mai ratsin shuɗi da fari."

Irin wadda ake sayarwa a kowane lungu na Bab Makka, ta zaman bakin teku. Daga inda nake tsaye ina hango su a rataye a shagon da ke kallona.

"Da kaset ɗin da na haɗo da ita?"

"Ba kaset a wannan zuwan. Ya ce ka yi sauri ba ka samu ka ɗauka ba."

"Baba daga kan me ya faɗo?"

"Tsohuwar kanyar nan. Sandunansa ya ɗaura kamar kullum, reshen ya rube ta ciki. Mun hana shi ya ƙi. Wai me ya faru ne? Muryarka ta canza."

Na ce ba komai, zan sake kira. Na fito na tsaya a rana. Abin da na fara ji sauƙi ne, kamar an sauke mini buhun siminti daga ka. Sai da na kai gida na zauna sannan ɗayan abin ya iso. Na tuna hannun da ya ɗaga yana kwaikwayon Baba a saman giginya. Na tuna kazar. Na gaya wa matata duka a ranar, tun daga haraj. Ta ce, "Mutumin da ke cin tuwo a gidan nan duk Juma'a?"

Sati uku na jira. Direba ya dawo ya zo warsha da azahar da ledar kilishi, yana murmushi. Na ja shi bayan warsha, wurin guntayen ƙarfe.

"Na je istiraha," na ce. "Na gyara ƙofa."

Murmushin ya tsaya a fuskarsa kamar an manta da shi a wurin. Ya ajiye ledar a kan wani tanki.

"Maƙeri, ka saurare ni."

"Ina ji."

Ya ce da safen da zai tafi kafilin ya ga kwalin a mota ya ce a buɗe. Da mutumin ya gan ta sai ya ce yana so. Fasfo ɗinsa yana hannun mutumin, takardar shigo da matarsa tana kan teburinsa ba a sa hannu ba. Ya ce bakinsa ya kasa furta a'a. A hanyar filin jirgi ya tsaya ya sayi mai naɗewa don kada ya je wa Baba hannu wofi. Kaset ɗin kuma ya jefa a kwandon shara, don in Baba ya ji zai gane.

"Wannan na gane shi," na ce. "Wallahi na gane. Ni ma na zauna a ƙasar nan ba takarda, na san yadda baki ke mutuwa a gaban mutum. Da ka dawo ka ce mini Maƙeri an ƙwace, sati biyu zan yi in ƙera wata. Zanen yana nan a akwatina. Da ta isa kafin rani."

"Na ji kunya."

"Ka ji kunya. To ranar da na tsaya a nan, a nan wurin, na ce maka ni na kashe ubana?"

Ya kawar da kai, na matso kusa da shi.

"Ka kama hannuna ka ce kada in tambaya."

"Na ga in ka sani za ka ce ni na kashe shi." Muryarsa ta sauka har da ƙyar nake ji. "Kullum sai in ce gobe zan faɗa maka. Duk ranar da muka zauna shan shayi da niyyar nake zuwa."

"Sai ka ga gara ni in ɗauka."

Ya fara kuka, babban mutum da furfura a gemu. Ni ko ɗigo. Na ce ya ɗauki kilishinsa. Ya bar shi a nan, ma'aikata suka cinye.

Ban ce shi ya kashe Baba ba, har yau ban faɗa ba. Ban sani ba ko da kujerar ta isa tsohon zai yarda ya hau giginya da ita, ko zai jingine ta ya koma kan sandunan da ya saba. Mutum ne mai taurin kai. Wannan na bar wa Allah. Abin da na sani shi ne shekarun da ban iya yi wa mahaifiyata magana da sakin zuciya ba, da mutumin da ke zaune kusa da ni yana zuba mini shayi alhali kalma ɗaya daga bakinsa ta isa.

A shekarar na je gida. Inna ta tsufa, ido ya yi rauni, sai da ta shafa fuskata. Ta tambaye ni me ya hana ni zuwa tun da na sami takardu. Na ce aiki. Ta ce ta ɗauka wani laifi suka yi mini, don ta ji kaset ɗina sun zama gajeru. Wata biyu na yi ina zama kusa da ita muna hira, ina ƙoƙarin cike abin da ba ya cikuwa. Ba ta ƙara shekara biyu ba bayan nan.

Da na dawo Jidda muka ci gaba da haɗuwa da Direba a wurin jana'iza da ɗaurin aure, don jama'armu ɗaya. Mu yi musabaha, kowa ya nemi wani gefen tabarma. Mutane sun lura, wasu sun tambaya, ban ba kowa labari ba. Matarsa ta zo wurin matata sau biyu, aka karɓe ta da mutunci, ba ta sake zuwa ba.

Da ciwon suga ya taɓa wa Direba ido ya kasa tuƙi, kafilin ya yi masa takardar fita ta ƙarshe. Ana saura kwana biyu ya tafi ya zo gidana da limamin unguwarmu, bayan la'asar. Liman ya yi nasiha mai tsawo a kan zumunci ba tare da ya san kan zancen ba. Direba ya ce, "Maƙeri, ka yafe mini. Ba lalle mu sake ganawa ba."

Na ce, "Kujera na yafe tun ranar da ka faɗa mini dalili. Ɗayan kuma ina roƙon Allah ya ba ni iko."

Liman ya ce a'a, a yafe duka. Na ce to, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Aka shafa fatiha. Na raka su har bakin titi, na tsayar musu da tasi. Direba ya buɗe ƙofa ya juyo kamar zai ƙara wata magana, mai tasi ya ce yalla, ya shiga.

Na ji yana Maraɗi, ɗansa ya buɗe masa ɗan shagon kayan mota yana zama a ciki. Yakan aiko da gaisuwa ta bakin masu zuwa Umara, ni ma in ce su gaishe shi. Lambarsa tana cikin wayata, wani ya sa mini ita ba tare da na roƙa ba. Ban goge ba, ban kuma kira ba.